YADDA ZA A ƘARA WA WAYAR OFIS SAURI BA TARE DA AN TONE TA BA

Jawabi ga Hakimai da Magatakardansu na ƙasashen Bebeji, da Ƙiru, da Tudun Wada, da Doguwa

 

Maganar da za mu yi yau a kan waya ce, irin wadda ke bin bango da silin a cikin sakatariyar ƙaramar hukuma, da asibiti, da makaranta, da ofisoshin waɗansunku, tana haɗa wannan kwamfuta da waccan. Yawancinku kun san ta da ido. Takan zo shuɗiya ko mai ruwan toka, kaurinta bai fi na fensir ba, a ƙarshenta kuwa akwai ɗan kai na roba mai haske wanda ake cusa wa bayan kwamfuta har ya ce ƙas. Turawa suna kiran wannan hanyar sadarwa Ethernet. Mu kuwa a cikin wannan jawabi za mu riƙa ce mata wayar ofis.

Dalilin da ya sa aka ga ya kamata a yi muku bayaninta shi ne, aikin da ake ɗora mata kullum ƙaruwa yake yi. Sa'ad da ma'aikata suka fara kukan cewa aiki ba ya sauri, abin da yakan biyo baya shi ne ɗan kwangila ya kawo ƙiyasi, ya ce sai an ciccire tsohuwar waya duka, a fasa bango, a ja sabuwa. Wani lokaci gaskiyarsa ce. Amma sau da yawa wayar da ke cikin bangon nan tana iya ɗaukar ninki 10 na abin da take ɗauka yanzu, wani sa'in ma har ninki 25, in dai an canja na'urorin da ke bakinta biyu. Saboda haka abin da ake roƙonku guda ɗaya ne: kada a yarda a tone waya sai an auna ta tukuna.

ME YA HAƊA HAKIMI DA WANNAN MAGANA?

Mai yiwuwa wani ya ce wannan aikin masu gyaran kwamfuta ne, ba ruwan sarauta a ciki. To, a duba waɗanda ke zaune a kan benci a ƙofar ofis tun hantsi. Akwai mai neman takardar haihuwar ɗansa, akwai mai neman lambar shaidar ɗan ƙasa, akwai yaron da ya kawo takardar da Mai Unguwa da Dagaci da Hakimi suka sa wa hannu, yana jiran a buga masa shaidar asalinsa don ya sami shiga makaranta. Duk talakawanku ne. Mutumin da ya taso daga wani ƙauye na bayan Riruwai, ko na gefen dajin Falgore, ya biya kuɗin mota, ya bar gonarsa a tsakiyar damina, in aka ce masa ya komo gobe don na'ura ba ta tafiya, ya yi hasarar yini biyu ke nan, kuma a ƙofar gidanku zai kai kukansa.

Tun shekarar 2015 jarrabawar shiga jami'a ta hukumar JAMB ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya, ɗakunan da ake yin ta kuwa da irin wannan waya ake haɗa su. A cikin watan Nuwamba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da rajistar haihuwa da mutuwa ta hanyar kwamfuta. Watau aikin da magatakarda ya saba yi da alƙalami da babban littafi, yanzu rabinsa ta cikin waya yake bi. Ko da yake ba Hakimi ke riƙe da baitulmalin ƙaramar hukuma ba, ana jin maganarsa a wurin shawara, kuɗin da za a kashe kuwa na jama'arsa ne.

MISALIN JIRGIN ƘASA

Mutanen ƙasar Ƙiru sun san hanyar jirgin da ta ratsa ta Ɗangora. Wannan hanya ta iso Kano daga Zariya a shekarar 1911. Shekaru da yawa kan jirgi mai aiki da gawayi da ruwa ke jan taragu a kanta. A cikin shekarun 1950 aka fara kawo kawuna masu aiki da man dizal. Da aka kawo su ba a tumɓuke dogo ba, a kan wannan tsohon ƙarfe suka hau, suka ci gaba da jan gyaɗa da fasinja. Amma da aka so jirgi mai gudun gaske, irin na tsakanin Abuja da Kaduna wanda aka buɗe a 2016, tilas aka shimfiɗa sabuwar hanya, domin faɗin tsohuwar ƙafa 3 ne da inci 6, na sabuwar kuwa ƙafa 4 da inci 8 da rabi.

Aikin waya ma iri biyu ne kamar haka. Akwai wanda canjin kai kaɗai yake bukata, akwai kuma wanda sai an sake hanya. Na farko kuɗinsa kaɗan ne, ana iya gama shi ran Asabar ba tare da an tsai da aikin ofis ba. Na biyu yana cin kuɗi, da kwanaki, da fasa gini. Hikimar duka ita ce a san wanne ne ke gabanmu.

ASALIN WANNAN WAYA

A shekarar 1973 wani injiniya mai suna Robert Metcalfe, tare da abokin aikinsa David Boggs, suka ƙago wannan hanya a wani ɗakin bincike na kamfanin Xerox a Kalifoniya ta ƙasar Amurka. Ana auna saurinta da abin da ake kira megabit, watau ƙwayar saƙo miliyan ɗaya a cikin sakan ɗaya. Ta farkon ba ta kai megabit 3 ba.

Daga baya wata ƙungiyar injiniyoyi ta duniya mai suna IEEE ta ɗauki nauyin tsara mata ƙa'ida, don kayan kowane kamfani su iya magana da na wani. Ga yadda saurin ya yi ta hawa a kan waya irin ta ofisoshinmu:

A 1990, megabit 10.
A 1995, megabit 100.
A 1999, megabit 1,000, wanda ake kira gigabit ɗaya.
A 2006, megabit 10,000.

Wannan na ƙarshe ya zo da wahala, don yana bukatar waya mai kauri da tsada wadda yawancin gine-ginen duniya ba su da ita. Ma'aikatu a Ingila da Amurka da sauran ƙasashe suka tarar bangonsu cike yake da tsohuwar waya, ga shi gigabit ɗaya ya fara yi musu kaɗan, ga shi kuma ba su iya kuɗin tonewa. Irin damuwarmu ke nan. Saboda haka a cikin watan Satumba na 2016 ƙungiyar nan ta fitar da sabuwar ƙa'ida mai lamba 802.3bz, wadda ta kawo matakai biyu a tsakani, megabit 2,500 da megabit 5,000, an kuwa tsara su musamman don su hau tsohuwar waya. Da tsohuwar zuma ake magani.

ABIN DA KE CIKIN WAYAR

In an yanka wayar ofis za a ga ƙananan wayoyi 8 na jan ƙarfe, an murɗe su biyu biyu kamar tufkar igiya, sun zama tagwaye 4: masu ruwan lemo, da kore, da shuɗi, da ruwan ƙasa. Murɗin nan ba ado ba ne. Waɗanda suka yi amfani da tsohuwar wayar tarho za su tuna yadda mutum yakan ji muryar waɗansu can ƙasa ƙasa suna tasu hirar a cikin layinsa. Haka saƙo yake tsallakawa daga waya zuwa maƙwabciyarta, murɗin ne ke hana shi.

Megabit 100 tagwaye 2 kaɗai yake amfani da su, masu ruwan lemo da kore. Daga megabit 1,000 zuwa sama kuwa sai da duka 4. A nan ne abin lura yake. Ana iya samun waya wadda ɗaya daga cikin shuɗayen nan ta tsinke tun ranar da aka ja ta, ta yi shekara goma tana aiki ba wanda ya sani, sai ran da aka kawo sabuwar na'ura ta ƙi wuce 100. Har wa yau akwai masu aikin da, don tsimin waya, sukan raba guda ɗaya gida biyu, tagwaye 2 su tafi wannan tebur, 2 su tafi wancan. Irin wannan ba ta ɗaukar ƙarin sauri sai an mai da ita ɗaya.

Wani zai tambaya, yaya aka yi waya ɗaya ta ɗauki ƙarin kaya alhali ba a ƙara mata kauri ba? Ku dubi mai kalangu. Fata ɗaya yake bugu, amma da matsa tsarkiya da sakinta yakan fitar da murya iri iri, har mai sauraro ya gane kirarin da yake yi. Na'urar megabit 100 murya 3 take da ita, watau matakai 3 na ƙarfin lantarki. Ta 1,000 tana da 5. Ta 2,500 tana da 16. Da yake muryoyin sun yi yawa, kowane bugu ɗaya yana ɗauke da magana mai yawa. Amma fa muryoyi 16 sun fi kusa da juna, hayaniya kaɗan sai ta sa a ruɗe. Don haka ne ƙaramin aibin da tsohuwar na'ura ta yi haƙuri da shi, sabuwa ba za ta yi ba.

Abu ɗaya mai daɗi shi ne, na'urorin nan sukan daidaita da kansu. Da an haɗa su sai su gaisa, kowace ta faɗi iyakar gudunta, su tsaya a kan wanda dukansu ke iyawa. Saboda haka sabuwa da tsohuwa suna zama ofis ɗaya lafiya, ba lalle ne a canja kome da kome rana ɗaya ba.

LISSAFIN AMFANIN

Bari mu auna da aikin da kuka sani. A ce an ɗauki hoton tsofaffin littattafan rajista shafi shafi, don kada gara ko gobara su hallaka su, aka sami fayil mai nauyin gigabait ɗaya. Gigabait ɗaya megabit 8,000 ne. A kan megabit 100 zai ɗauki sakan 80 kafin ya tashi daga wannan kwamfuta zuwa waccan. A kan 1,000, sakan 8. A kan 2,500, sakan 3 da 'yan kai.

In kuwa ajiyar ofis duka ce ake so a kwafa zuwa babbar kwamfutar da ke zaman rumbu, a ce gigabait 100, to a kan megabit 100 sai an yi sa'a 2 da minti 13. A kan 1,000 minti 13 ne, a kan 2,500 kuwa minti 5 da kaɗan. Wannan lissafin takarda ne, a wurin aiki yakan ɗan ɗara haka. Amma duk wanda ya san yadda wutar lantarki ke zuwa ta koma a ƙasashenmu, ya san bambancin aikin da ke son sa'a biyu da wanda ke son kwata. Ajiyar da ke cin sa'a biyu, ma'aikaci yakan ce sai gobe, ranar da kwamfuta ta lalace kuwa sai a tarar goben ba ta zo ba.

Ku lura da lissafin nan da kyau. Babbar riba tana tsakanin 100 da 1,000. Ofishin da har yanzu yake kan 100, wannan mataki shi ne na farko, kayansa kuma su ne mafi araha. Mataki na 2,500 ba kowane tebur ke bukatarsa ba.

ABUBUWA SHIDA DA ZA A DUBA

Na ɗaya, rubutun jikin waya. Kowace waya ta kirki an buga mata ajinta a jikin robarta, ana maimaita shi kusan kowace mita. Magatakarda da kansa yana iya karantawa. In an ga Cat 5e, an tsara ta ɗauki 1,000, kuma ƙa'idar 2016 ta ba ta 2,500. In Cat 6 ce, tana kai 5,000, a gajeren zango wanda bai wuce mita 55 ba ma takan ɗauki 10,000. In Cat 6A ce, 10,000 har iyakar zango. In kuwa Cat 3 ce, ko wayar tarho, ko wadda ba rubutu a jikinta sam, to wannan kam sai canji.

Na biyu, tsawo. Iyakar wannan waya mita 100 ce daga na'ura zuwa na'ura: mita 90 a cikin bango, mita 10 kuwa na gajerun wayoyin da ke bakin nan biyu. An yi wannan ƙa'ida a kan zafin awo 20 na ma'aunin Salsiyas. Waya in ta yi zafi saƙo yakan raunana a cikinta, har a awo 40 mita 90 ɗin nan ta koma wajen 84. Kun kuwa san abin da ke tsakanin kwano da silin a watan Afrilu. Saboda haka layin da ya yi tsawo ƙwarai, kuma ya bi ta ƙarƙashin kwano, shi ne farkon abin tuhuma.

Na uku, ƙarfen da ke ciki. Wannan shi ne babban abin da ke cutar ofisoshi. Akwai waya a kasuwa wadda cikinta alminiyam ne, irin ƙarfen da ake tukwane da shi, an shafa masa jan ƙarfe a bisa kawai, an kuma buga Cat 6 a jikinta da manyan baƙaƙe. Alminiyam kashi 61 cikin 100 kaɗai yake iya ɗauka na lantarkin da jan ƙarfe ke ɗauka, ga saurin karyewa, ga cin tsatsa a wurin haɗi. Ƙa'ida ba ta yarda da ita ba ko kaɗan. Gane ta ba wuya: a fere ƙaramar waya ɗaya, a kankare ta da reza. In cikin ja ne har tsakiya, ta gaske ce. In fari ya bayyana, jabu ce. Kwalinta ma, mai mita 305, ya fi na gaskiyar rashin nauyi a hannu. Araha ba ta ado.

Na huɗu, kawuna da soket. Mafi yawan aibin da ake ɗora wa waya a nan yake. Ƙa'ida ta ce kada a warware murɗi fiye da milimita 13 a wurin haɗi, watau rabin inci. Mai aikin gaggawa yakan warware tsawon yatsa. Ƙurar hunturu tana shiga soket, laimar damina tana sa tsatsa. Gyaran wannan shi ne a yanke kai a sa sabo, aikin minti kaɗan ne, wayar kuwa tana nan a bangonta. Gajerun wayoyin da ke kwance a ƙasa ana taka su da kujera, su ma a canja su kafin a zargi ta bango.

Na biyar, hanyar da ta bi. Kada ta kwanta cikin bututu ɗaya da wayar lantarki, in ya zama dole su gamu sai su gicciye juna. Kada a lanƙwasa ta kamar an karya kara, kada a danne ta da ƙusa. A hau silin a duba ko ɓera ya ci.

Na shida, awo. Na'urar awo iri biyu ce. Akwai ƙarama mai fitilu 8, wadda ke nuna ko wayoyin nan 8 sun isa, kuma kowace tana gurbinta. Tana da amfani, amma ba ta faɗin saurin da layi zai ɗauka. Akwai babba wadda ke auna raunin saƙo da hayaniya, ta fitar da sakamako a rubuce. In ba a sami babbar ba, sai a kawo sabuwar na'ura guda, a gwada ta a kowane layi, a duba saurin da kwamfuta ta nuna, sa'an nan a tura babban fayil a ga ko zai tafi ba yankewa. Gani ya kori ji.

ABIN DA ZA A SAYA

In waya ta ci jarrabawa, abu biyu ake canjawa. Na farko shi ne akwatin da dukan wayoyin ofis ke taruwa a cikinsa, mai ramuka 8, ko 16, ko 24, wanda za mu kira mahaɗa. Na biyu shi ne ramin da ke jikin kowace kwamfuta. Yawancin kwamfutocin da aka yi cikin shekaru goma sha biyar da suka wuce sun zo da ramin 1,000, sai dai a tarar tsohuwar mahaɗa mai 100 ce ta daure su. A irin wannan ofis akwati ɗaya tak za a saya, aiki ya ninka goma.

Wanda ke son 2,500 sai ya fara da inda kaya suka fi yawa: kwamfutar rumbu, da teburin da ake ɗaukar hoton takardu, da akwatin Wi-Fi wanda mutane da yawa ke hawa lokaci ɗaya. Ana sa wa kwamfuta ɗan kati a ciki, ko a maƙala mata wani ta ramin USB. Sai dai a tabbata ramin na aji 3 ne, don na aji 2 iyakarsa megabit 480. A kuma duba ma'ajiyar cikin kwamfutar, domin tsohuwar mai faifai mai juyawa ba ta iya cika layin 2,500, sai irin sabuwar da ake kira SSD. Mutanen Bebeji da ke zaune kusa da madatsar ruwa ta Tiga sun san cewa kome girman magudana, ruwan da zai isa gona shi ne wanda ƙaramar ƙofar da ke hanya ta bari ya wuce.

Waɗansu mahaɗai suna aika wutar lantarki ta cikin wayar ofis zuwa kyamarar tsaro ko akwatin Wi-Fi. Ƙa'idar 2003 ta ba da wat 15, ta 2009 wat 30, ta 2018 har wat 90. Abu ne mai kyau, amma kada a kuskura a ɗora shi a kan wayar alminiyam, don takan yi zafi. Mahaɗa kuma a sa mata batirin tsaro ko a ɗora ta a kan sola, a ajiye ta inda iska ke shiga, a riƙa kaɗe mata ƙura. In ta mutu, ofis duka ya tsaya.

TSAKANIN GINI DA GINI

Akwai wuri ɗaya inda ba a ba da shawarar riƙe tsohuwar waya ko da tana aiki, shi ne inda aka ratayo ta a sarari daga wannan gini zuwa wancan. Ƙasashen Doguwa da Tudun Wada suna cikin waɗanda suka fi samun ruwan sama a Jihar Kano, hadarinsu kuwa da tsawa yake zuwa. Ba sai aradu ta faɗa kan wayar ba, ko kusa ta faɗa jan ƙarfe yakan kwaso ƙarfinta ya kai cikin ɗaki, ya ƙone mahaɗa da kwamfutocin gini biyu a lokaci ɗaya. Maganin wannan shi ne wayar gilashi, wadda ake kira faiba. Haske ke bi ta cikinta, lantarki ba ya bi, kuma iyakar mita 100 ba ta shafe ta ba. Kuɗin da aka tsimi na rashin tone wayar cikin ɗaki, a nan ya kamata a kashe shi.

KADA A RUƊE DA INTANET

Wannan magana ku riƙe ta sosai, don a kanta ake yawan yaudarar masu sa hannu. Wayar ofis dabam, layin intanet da ke shigowa daga waje dabam. In kamfanin sadarwa megabit 20 yake ba ofis, ko an sa mahaɗa mai 10,000, abin da zai shigo daga waje 20 ne. In kuwa babbar kwamfutar wata hukuma da ke Abuja ce ta cushe, ba abin da canjin waya a Ƙiru zai yi mata. Saboda haka kafin a sayi kome, a tambayi ma'aikata: wane aiki ne ke jinkiri? In tura fayil ne tsakanin tebur da tebur, ko buɗe ajiya daga rumbu, ko hoton kyamara, to laifin na cikin gida ne. In shiga shafin wata hukuma ne, sai a nemi kamfanin da ke ba da layi.

Amma wannan rabuwa tana da nata alheri. Ran 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyi na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya raunana a Nijeriya da maƙwabtanta, har aikin bankuna ya tabu. Ofishin da ke da ajiyarsa a cikin gida, da waya mai lafiya, a irin wannan rana yana iya buɗe fayilolinsa, ya buga takardu, ya sallami mutane.

AIKIN MAGATAKARDA

Malamai, rabonku a wannan aiki shi ne wanda kuka fi kowa iyawa, watau rubutu. A buɗe littafi guda na wayar ofis. Kowane layi a ba shi lamba, a rubuta lambar a bakinsa biyu da alƙalamin da ba ya gogewa. A cikin littafin a sa lambar layi, da ɗakin da ya tafi, da ajin da aka karanta a jikinsa, da tsawonsa, da saurin da ya nuna ran da aka auna, da kwanan wata. Ma'aikata ana yi musu canjin wurin aiki, 'yan kwangila suna zuwa suna tafiya, littafin ne zai gaya wa na baya abin da ke cikin bango.

Sa'ad da aka kawo ƙiyasi, ga tambayoyin da za ku shirya wa Hakimi ya yi:

1. An auna tsofaffin layuka? Ina takardar sakamakon kowane ɗaya?
2. Guda nawa suka faɗi, kuma mene ne aibin kowanne? Na kai ne ko na tsakiya?
3. Sabuwar wayar da za a kawo, an yarda a kankare ta a gaban shaidu kafin a ja?
4. Wane sauri aka yi alkawari a kowane tebur, kuma an rubuta shi cikin yarjejeniya?
5. Tsofaffin kayan da aka cire, ina za su?

Mai aikin gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, don su ne ke raba shi da mai ha'inci. Kada a shirya takardar biya ta ƙarshe sai an sake auna kowane layi an shigar da sakamakon cikin littafi. Tsohuwar mahaɗa da aka cire a shigar da ita littafin sito, domin wadda ta yi wa sakatariya kaɗan tana iya isar ƙaramin asibiti ko makarantar da ke da kwamfuta huɗu. Wayar da aka cire kuwa jan ƙarfe ce, tana da kuɗi, dukiyar hukuma ce.

Ranku ya daɗe, in kun koma gida, abin da ake so a fara da shi ba ya cin ko kwabo. A sa magatakarda ya zaga ofis da takarda, ya karanta rubutun jikin waya, ya ƙidaya layuka, ya duba abin da aka rubuta a jikin mahaɗa, ko 100 ne ko 1,000. Da wannan takarda a hannu za ku zauna da Shugaban ƙaramar hukuma da ma'aikatansa kuna sane da abin da ake magana a kai. Muna kuma roƙonku ku isar da wannan bayani ga shugabannin makarantu da na asibitocin da ke ƙasashenku.